Tatsuniyar da Inna Ta Ƙi Rufewa

A gidanmu na Zoza wuta ba ta mutuwa. Ko da damina, ko tsakiyar bazara da mutum ke jin kamar ya tuɓe fatarsa don zafi, za ka tarar da guntun kututture yana hayaƙi a ƙofar ɗakin Inna, kakata ta wajen uba. Matan maƙwabta har sun daina sayen ashana, sai dai su turo yara da fasasshen kasko su ɗebi garwashi. Mu kuwa jikoki amfanin wutar biyu ne a wurinmu: gasa gyaɗa, da tatsuniya bayan sallar isha'i.

Inna gajeriyar Bafulatana ce mai kaifin baki. Ni take kira maigida, kullum tana yi mini gorin cewa ba ta taɓa ganin miji marar cefane irina ba, sai dai ya zo ya shanye mata fura. Tatsuniyoyinta ba su ƙirguwa, kuma kowacce in ta kai ƙarshe sai ta tafa hannu ta ce ƙurunƙus, mu watse. Guda ɗaya ce tak ba ta taɓa rufewa ba.

Ita ce ta wani yaro makiyayi da karsanarsa ta ɓata. Ya bi sawunta har bayan gari, sai ya ga sawun ya hau kan hayaƙin da ke tashi daga murhun uwarsa. Shi ma ya taka hayaƙin, ya yi ta hawa har ya wuce gajimare, ya isa makiyayar sama inda ciyawa fara ce fat. Can ya sami karsanar, amma da ya waiwayo bai gane hanya ba. Uwar ta san cewa hayaƙin nan shi ne tsaninsa, in wutar ta mutu ba shi da abin takowa. Sai ta yi ta ƙara ice, ta ƙone karan dangarta, ta ƙone turminta, ta ƙone har kujerar zamanta. Daga nan Inna takan dakata ta gyara bakin wuta. In muka matsa mata da tambayar ko ya sauko, sai ta ce, "Yana hanya. Ku tashi ku kwanta."

Mukan kuma tambaye ta sunan yaron, ta ce ba shi da suna. Wani lokaci irin tauraron nan mai tafiya yakan ratsa sama a hankali, ba ya ƙyaftawa. Yayyenmu 'yan makaranta su ce tauraron ɗan Adam ne, ƙarfe ne Turawa suka harba. Inna ta ce ai sun faɗa da bakinsu, na ɗan Adam ne, yaron ne ke kora karsanarsa.

Sai da na ɗan yi wayo na san akwai Baffa Iro. Shi ne ɗan farin Inna, wan mahaifinmu. Ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya hau mota a Karaye da jakarsa a kafaɗa, shi ke nan. Ba gawa, ba saƙo, ba wanda ya dawo ya ce ya gan shi. Saboda kunyar ɗan fari, Inna ba ta taɓa kama sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. In dole ta kama, sai ta ce "wancan na tafiya". Shekarar tafiyarsa kuwa ba ta ɓace mata, domin ita ce shekarar da aka ce mutane sun taka duniyar wata, wadda ciwon idon nan da ake kira Afolo ya game gari, har ana cewa su suka kwaso shi daga can.

Wannan tafiya ta wata ita ce hujjar Inna. Tsofaffin garinmu da yawa sun ƙaryata labarin, ita kuwa ta riƙe shi da hannu biyu. Duk sanda Baba ya kawo maganar a tara malamai a yi wa Baffa addu'a da sadaka irin ta mamaci, sai ta ɗaure fuska ta ce waɗanda suka je wata ma sun dawo wa iyayensu, balle wanda ya tafi kudu a mota. Baba ba ya iya musu da ita. Yakan sunkuyar da kai ya fita, mu kuma mu ji tausayinsa, domin shi ma ɗan'uwa ya rasa kuma an hana shi kuka.

Ina aji biyar a firamare, cikin wani sanyi mai tsanani, Baba ya dawo daga kasuwar Rogo da sabon batir. Muna kewaye da wuta ya kunna rediyo, mai labarai ya ce wani kumbon 'yan sama jannati ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa, duk mutanen ciki sun halaka, har da wata malamar makaranta. Inna na ɓare gyaɗa, sai hannunta ya tsaya. Ta sa Baba ya maimaita mata. Sannan ta tambaya ko iyayensu sun sani. Baba ya ce ai an ce suna wurin, a gabansu abin ya faru, suna ɗaga kai suna kallo.

"Ashe sama ma tana riƙe mutum," in ji ta. Sannan ta ƙara da cewa, "Su dai sun gani da idonsu. Allah ya ba su haƙuri."

Baba ya kashe rediyon. Mun zaci ba tatsuniya a ranar, har ƙanwata ta fara naɗe tabarma. Sai Inna ta ce mu zauna. Ta ɗauko ta makiyayin tun daga farko, muryarta ƙasa-ƙasa, har ta kai inda uwar ta ƙone kujerarta. Ba ta tsaya ba. Ta ce ana nan sai wata shamuwa ta sauka a kan ɗakin matar, ta ce daga sama take, kuma ta ga yaron. Ya gaji, yana so ya kwanta, amma duk sanda ya rufe ido sai ya ji ƙaurin hayaƙin gidansu, ya miƙe ya kama neman hanya, hanyar kuwa babu ita. Matar ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta ɗebo ruwa a ƙwarya.

"Ta tsaya a kan wutar," in ji Inna, "ta ɗaga kai ta ce, kwanta ka huta, Iro."

Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, Baba ma bai taɓa ji ba. Na ga ya ja wuyan rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Inna ba ta tafa hannu ba. Ta dai ce ƙurunƙus a hankali, ta dubi Baba ta ce ya je wurin liman da safe, a sa rana.

An yi sadakar ranar Juma'a, aka daka gumba, aka toya waina, mutane suka zo har daga Kurugu da Ruwan Bago suna yi mata gaisuwar mutuwar da ta kusa shekara ashirin. Ta karɓi kowa da ladabi. Bayan nan ba ta yi wani tsawon rai ba, damina biyu ta ƙara.

Yanzu ni ma na yi furfura, na binne nawa, kuma na daɗe ina juya tatsuniyar nan. Da ina yaro na ɗauka darasinta shi ne kada uwa ta fid da rai. Daga baya na gane cewa jira ma yana iya zama igiya, ya ɗaure wanda ya tafi da waɗanda suka rage, kuma kwance ta ya fi ƙulla ta ciwo. Har yau in na ga tauraron nan yana ratsa sama, na san ƙarfe ne, amma sai na yi wa Baffa Iro addu'a, mutumin da ban taɓa gani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne washegarin daren rediyon. Na fito da sassafe na tarar da Inna zaune a ƙofar ɗakinta, gabanta toka jiƙe sharkaf. Ta miƙo mini fasasshen kasko ba tare da ta dube ni ba.

"Maigida," ta ce, "je maƙwabta ka roƙo mana wuta."