Katantanwar da Ƙanwata Ta Tsinta a Ngaski

Shekarar da ƙanwata ta gama digirinta na uku a kan cututtukan da ake ɗauka a ruwa, Inna ta shaida wa duk unguwarmu a Yelwa cewa ɗiyarta ta zama likita. Da ta zo hutu, mata suka cika mana tsakar gida, wannan da ciwon baya, waccan da jariri mai tari. Ƙanwata ta fito ta gaishe su, ta ba su haƙuri, ta ce ita ba ta duba marasa lafiya, bincike take yi.

"To mi kike bincika in ba marar lafiya ba?" in ji Inna.

"Katantanwa, Inna."

Inna ta juyo ta dube ni. Ni malamin firamare ne, a ganinta ya kamata in fassara mata. Ni ma ban gane ba.

Bayan damina ƙanwata ta dawo da baƙi biyu, wata doguwar mata daga gabashin Afirka da wani dattijo daga wata jami'a a kudu. Ta ce, "Yaya, raka mu wajen Ngaski, kai masunta suka sani." Na taɓa koyarwa a wani ƙauyensu.

Muka wuni a bakin tafki. Suka sa dogayen takalman roba, suna cusa rariya mai dogon mariƙi cikin ciyawar ruwa, suna tsince 'yan katantanwa da ba su kai farce girma ba. Ƙanwata ta bayyana mini cewa ƙwayar tsargiya, cutar da ke sa yara fitsarin jini, a jikin katantanwar take girma kafin ta huda fatar mutum. Wannan na gane. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tunda an riga an sani, me kuma ake nema? Ta ce so suke su ga ko tsargiyar nan dangi ce da ta ƙasar baƙuwar, ko kuma tana gauraya da wadda ke kama shanu. Na ce to, don kada in ƙara tambaya a gaban baƙi.

Sarkin ruwan ƙauyen, wani tsoho mai ƙaramar murya, ya daɗe yana kallonsu daga cikin kwalekwalensa. Can ya ce mini, "Malam, tambaye ta ko ta zo da magani."

Ƙanwata ta amsa da kanta. "Akwai maganin, Baba, amma ba ni ke rabawa ba."

"To mu bar shiga ruwa?"

Ta ce, "Ba zan ce ku bari ba, Baba. Da shi kuke ci."

Ya gyaɗa kai, ya sa aka kawo mana gasasshen kifi. Har yau ban san ko ya gamsu ba.

Bayan wani lokaci ƙanwata ta turo mini sakamakon a waya, cike da murna. Sunaye ne jere a saman takardar, nata a tsakiya. Na tambaye ta su wane ne sauran, tunda mu huɗu muka je. Ta ce wasu sun auna katantanwar a ɗakin gwaji a Turai, wani ya yi lissafi, kuma yawancinsu ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Ta ƙara da cewa masu bincike a wasu ƙasashe sun fara kafa hujja da aikin. Na yi mata barka da gaske, amma na kasa gane yadda mutum zai yi aiki tare da wanda bai taɓa gaisawa da shi ba.

Daga baya ma'aikatan lafiya suka zo makarantarmu, suka auna tsayin yara da sanda, suka ba kowa ƙwayoyin maganin tsargiya daidai tsayinsa. Wani ɗalibina da ya daɗe yana fama ya warke. Da rana ta yi sanyi na kira ƙanwata, bakina har kunne.

"Aikinki ne wannan ko?"

"A'a, Yaya, dama ana rabawa." Ta ɗan tsaya. "Amma wataƙila ya taimaka aka sa yankinku a gaba. Wallahi ba zan iya cewa ba."

"To wa zai iya?"

Ta yi dariya, ta ce in na samo shi in faɗa mata. Sai ta roƙe ni in nema mata izini wajen makiyayan Shanga, domin a zuwa na gaba kashin shanu za su ɗiba. Na ce zan gwada, na kashe wayar, na zauna ina tunanin ta inda zan fara yi wa ardo wannan bayani.