Sunan da Na Soke a Roni

A shekarun da kuɗin mai ya sa ake ta gina azuzuwa ko'ina, aka tura ni Roni a matsayin hedimasta. Ina saurayi, ga sabon keke, ga girman kai da ya fi ƙarfin keken. Abin taƙamata kuwa asali ne. Kakana babban malami ne a Kazaure, marigayi mahaifina kuma akawun En'e ne da ake cewa yakan gama lissafi a ka kafin wani ya fiƙe fensir. Don haka a wurina babu gardama: ƙwaƙwalwa gadonta ake yi, kamar gona.

Da jarrabawar shiga sakandare ta matso, fom ɗin da aka aiko mana bai ishi 'yan aji bakwai ba. Gurbi ɗaya ya rage, yara biyu suna jira: ɗan dagaci, da wata yarinya 'yar mahauci da ba a taɓa wuce ta a lissafi ba. Malamin ajinsu ya rubuta sunanta. Na ɗauki jan biro na soke. Na ce masa hadda ce kawai, in ta yi gaba za ta cije, ba a san gidansu da alƙalami ba. Ranar Alhamis masinja ya tafi da takardun.

Ranar Juma'a na hau keke na tafi gida Kazaure. Na tarar da Goggo, yayar mahaifina, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na zauna ina ba ta labarin abin da na yi, har da dariyata. Na ce, "Ai Goggo, abin a jini yake."

Ta ajiye ƙoƙon hannunta. "Jinin wa, ɗan nan?"

Na ce na gidan nan mana.

"To gyara zama. Shekarar da hakimi ya ce kowane babban gida ya kawo yaro ɗaya boko, kakanka ya rantse ɗansa ba zai yi karatun Nasara ba. Ya ɓoye shi a rumbu. Da ma akwai wani maraya da aka kawo mana daga Gwiwa bayan yunwa, ɗan masu jimar fata. Shi aka yi wa aski, aka sa masa rigar ɗan gida, aka kai shi da sunan kakanka. Shi ne ubanka."

Wallahi sai da na dafa ƙasa. Na ce, "Goggo, wasa kike yi?"

"Da tsufana zan yi maka wasa da mamaci? Ranar da aka kawo shi, ciki a kumbure, ƙafafu kamar kara, gashi ya yi ja. Sai ka kira shi sau uku kafin ya waiwayo. Kowa ya ce dolo ne. Shi ya sa ma aka zaɓe shi, wai in boko ya lalata shi ba a yi asara ba. Ni na riƙa dama masa kunun gyaɗa, ina sayo masa nono. A makaranta kuma aka haɗa masa da abinci sau uku. Kafin damina biyu yaro ya buɗe baki, aka rasa mai tare shi."

Na tambaye ta, "Wanda aka ɓoye fa?"

Ta nuna zaure da baki. Baffa ne, tsohon da muka taso muna gani yana tufka igiya, wanda muke yi wa tsiya saboda bai iya karanta ko lambar mota ba. Kunya da tsoro suka rufe ni lokaci ɗaya. Ban ci tuwon da ta zuba mini ba.

Washegari da sassafe na kama hanyar Roni, ina taka keke kamar ana bi na. A banza. Takardu sun riga sun isa, an rufe karɓa, ba a canja suna. Ranar Litinin yarinyar ba ta zo aji ba, Talata ma haka.

Ranar kasuwa na je rumfar mahaifinta don in ba shi haƙuri. Tun daga nesa ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, malam da kanka? Ai ba komai. Ta kwana biyu tana kuka, na ce mata ta rufa mana asiri, malam ya fi mu sanin wanda ya dace. Yanzu tana taya uwarta suyar ƙuli-ƙuli."

Na buɗe baki in faɗa masa ko ni jikan wane ne, maganar ta ƙi fita. Ya zaɓi tsoka mai kyau, ya naɗe a takarda, ya miƙo mini da hannu biyu yana godiya da na koyar da 'yarsa. Na sa hannu na karɓa.