Gadon da Kura Ta Cinye

Lokacin girbi ne, shekarar da gero ya yi kyau har aka rasa inda za a zuba shi. Mu yara ba mu da damuwa sai ta gyaɗa. Bayan sallar isha muke zagaye kakarmu Ya Gana a gidanmu na Yerimaram, tana tona gyaɗa daga toka, tana ba mu labari da Hausarta mai gishirin Barbarci.

"Ga ta can tafe," in ji ta.

"Ta ƙaraso mu gan ta!"

Wai Madu mai fata ne ya taso daga cin kasuwar ƙauye da ƙunshin ɗanyar fata a ka, rana ta faɗi masa a dajin da kuraye suka yi yawa. Ya sami itatuwa huɗu kusa da juna, ya sari sanduna ya jingina a jikinsu don ya ɗora gado a sama. Wata tsohuwa mai itace ta ce, "Ɗana, ga ɓawon kalgo, ɗaure da shi."

"Haba Iya! Ni ɗan garin shanu in yi ɗauri da ɓawo?"

Ya yanka fata siri-siri, ya ɗaɗɗaure sandunan tun daga ƙasa har sama. Ya hau ya miƙe ƙafa, har da waƙa.

Kura ta biyo ƙarnin fata. Ko kallon Madu ba ta yi ba, ta kama ɗaurin ƙasa tana gwaguya. Gado ya karkata. A nan Ya Gana takan karkace ita ma, ta riƙe kallabi, ta ƙanƙance murya tana kwaikwayon Madu:

"Hajiya Kura, don Allah koma na gabas, ya fi kitse!"

Ta cinye na gabas, gado ya sauko. Ta ci na yamma, ya ƙara saukowa. Madu ya dinga jefa mata sauran fatun har jarinsa ya ƙare, tana gamawa tana komawa ga ɗaurin. Daga ƙarshe ya sulalo, tim, a gaban hancinta. Ya rufe ido ya fara kalmar shahada. Kura ta shinshine shi, ta yi gyatsa, ta ce, "Da ka sauko da wuri." Ta ja ciki ta tafi.

Muka yi ta birgima a tabarma. Ƙanena ya tambaya ko an biya Madu fatarsa, Ya Gana ta cusa masa gyaɗa a baki. "Ƙurunƙus, wuta ta mutu, kowa ya nemi shimfiɗarsa."

Da ina yarinya, wautar Madu kawai nake gani. Sai da na girma na gane ƙarfin abu ba shi ne kariya ba, sai ka fara sanin abin da mai zuwa yake ci.

Bara na shuka zogale a bayan ɗaki. Maigidana, Baban su Hauwa, ya ce in bar masa aikin shinge. Ya yi shi kuwa, mai kyau, da ɗanyen karan dawa, ganye shar a jiki. Da yamma na ga awakin maƙwabta sun jeru suna cin shingen cikin natsuwa, shi kuma yana ta "Kai! Kai! Ku koma can!"

Na shige madafa na yi dariyata. Da gari ya waye na ɗauki gatari na je na saro ƙaya.