Kilo Tara na Jan Fenti

Shekara talatin da ɗaya Vendelin Hruby ya yi yana gyaran bas a garejin gundumarmu, kuma har gobe in ka tambaye shi tayoyi nawa ya kwance zai gaya maka: dubu huɗu da ɗari biyu da sha shida. Mutum ne da ba ya hawa matakala bai ƙirga ta ba. Ranar da ya yi ritaya ya dawo gida ƙauyen Dolni Vrbka, ya fitar da motarsa daga gareji ya jingine ta gindin bishiya, ya ce wa matarsa Draha jirgin sama zai ƙera. Mu nan Morabiya, a ƙasar Cek, wannan ba abin a kira likita ba ne, kusan kowane ƙauye da mai irin wannan ciwon.

"To, Allah ya taimaka," in ji Draha. "Amma kujera biyu, ka ji ko, maigida? Ba ka tafiya sama ka bar ni da kaji."

Shekara shida da wata huɗu aikin ya ci, da ƙusa dubu goma sha ɗaya da ɗari uku da tamanin, da farcen babban yatsa guda biyu. Ya kuma ɗaukar mata alkawari a gaban maƙwabta: ranar sha huɗu ga Satumba, da aurensu zai cika shekara arba'in, zai ɗauke ta su zagaya hasumiyar cocin da aka ɗaura shi, a jirgi ja wur irin kallabinta na ranar biki, da sunanta a jiki.

A watan Yuni aka ja jirgin zuwa rumfar ƙungiyar matuƙa jirage. Sufeton da zai duba shi ya kuma fara tashi da shi Kvido ne, ɗan ajin su Vendelin tun firamare, siriri kamar tsinken tsire. Ya zo da sikeli uku, ɗaya ƙarƙashin kowace taya. Da ya hango gwangwanayen fenti jere a bango sai ya tsaya.

"Waɗannan fa, mutumina?"

"Gobe zan fesa. Duk ƙauyen nan za su zo kallon gwaji. So kake su ce garwa na ƙera?"

"Garwa ce mana, mai fiffike. Ni ba na hawa jirgin da ya sha kwalliya, tsirara nake son ganinsa. In yana yoyo in gani, in ya tsage in gani. Ka fesa yau, jibi in sa ka yanka, ka zo kana min kuka."

"Ni makaniki ne tun kana tallan jarida!"

"Bas in ta mutu gefen titi take tsayawa. To, zo mu yi abin da ka fi so."

Suka yi lissafi. Doka a lokacin ta ce ƙaramin jirgi irin wannan, da mansa da mutanensa, kada ya wuce kilo ɗari huɗu da hamsin. Jirgi ɗari biyu da tamanin da ɗaya. Man jirgi sha biyar. Draha sittin da biyu. Vendelin ya hau sikeli yana tsuke ciki, tamanin da takwas. Saura kilo huɗu kacal, fenti kuwa kilo tara ne.

"Ka gani?" in ji Kvido yana shafa masa tumbi. "Ko fenti, ko uwargida, ko wannan. Ɗaya zai zauna a ƙasa."

Vendelin ba mai dogon tunani ba ne. Nan take ya zaɓi tumbi.

Sai dai gidansa gidan knedliki ne, dunƙulen fulawa mai 'ya'yan itace a ciki, a barbaɗa sukari a kwarara man shanu. Kowace Alhamis da Lahadi Draha na yin sha huɗu, shi tara ita biyar, shekara arba'in ba fashi. Ya ce daga yau biyu zai riƙa ci. Ya ajiye giya, ya ɗauko keke, kilomita sha ɗaya kowace safiya.

Jirgi kuwa tsirara ya tashi, yana walƙiya kamar sabon kwano, tsofaffin matan ƙauye suka sa masa suna Garwar Vendelin. Tashin farko Kvido ya sauko ya nuna masa siririn layin baƙin mai a ƙarƙashin ciki, kamar an ja da fensir. Da akwai jan fenti, da ba wanda zai lura sai ya yi nisa. Tashi na uku inji ya ɗau zafi, aka yanka murfinsa, aka sake yankawa. Fiffiken hagu yana rinjaye, aka buga masa ɗan faranti da ƙusa sha huɗu. Gyare-gyaren suka ƙara kilo ɗaya. Vendelin ya buɗe littafinsa ya rubuta: Kvido uku, ni sifiri. Bai nuna wa kowa ba.

Ranar uku ga Satumba ya hau sikeli a rumfa: tamanin da biyu. Ya haɗa lissafi sau uku, da fenti da komai ɗari huɗu da hamsin cif. Har rawa ya taka. Yana cikin buɗe gwangwani na farko Draha ta shigo da kwandon abincin rana. Ta dube shi, ta dubi sikeli, ta ajiye kwando, ta cire takalmi da rigar sanyi, ta hau.

Sittin da takwas.

"Sikelin nan ya lalace," in ji Vendelin.

"Lafiyarsa lau, tsoho. Guda bakwai da kake bari a faranti, wa kake tsammani yake cinyewa?"

"Ki rage yawan da kike dafawa mana!"

"Hannuna sha huɗu ya sani. Kuma ni in zubar da abinci? A gidan uban wa?"

Kvido, da ke gefe yana kallo, ya zauna kan tayar jirgi yana dariya har da hawaye. "Kilo shida ba su bar gidan ba, mutumina. Kujera kawai suka sauya."

Vendelin ya sake lissafi. Da Draha a ciki, kilo uku na fenti kawai jirgin zai ɗauka, ga kwana sha ɗaya ya rage. Ya dubi gwangwanayen da ya yi wata uku yana yunwa dominsu, ya dubi matarsa tana ɗaura takalmi.

"Ke za ki hau," ya ce. "Ko da a garwa ne. Su yi ta dariyarsu."

"Kai dai lissafi ka iya, dabara babu. Mutanen ƙauye daga ina za su kalle mu?"

"Daga ƙasa."

"To?"

Kwana huɗu ya yi kwance rigingine ƙarƙashin jirgi. Ya fesa ƙasan jikin jirgin da ƙasan fukafukai ja wur, ya rubuta DRAHA da farin fenti, kowane harafi tsawon kamu uku. Kvido ya sake aunawa da su biyun a ciki, ya leƙa allurar sikeli ta hagu ta dama, ya sa hannu.

Ranar sha huɗu suka zagaya hasumiya sau uku. Vendelin ya ƙirga mutum ɗari biyu da sha biyu a dandali suna ɗaga hannu, duk sun ga jan jirgi ba garwa ba. Draha ba ta ƙirga komai ba. Ta riƙe masa hannun riga tana ihu ya duba, ga rufin gidansu can, ga wanki ta manta a igiya.

Lahadin da ta biyo baya aka koma tara da biyar. Sauran kilo shida na fentin suna nan jere a bangon rumfa, shekara goma sha ɗaya ke nan. In ka tambaye shi yaushe zai fesa saman, sai ya shafa ciki ya ce baɗi.