Gwiwar Mai Gadinmu

Lokacin da nake akawu a wani kamfanin sayen albasa a Illela, manajanmu ya dawo daga wani taro da sabon salo. Wai duk mun ajiye tumbi, don haka ya sayo manhajar kwamfuta da za ta yi wa kowa tambayoyi, ta yanke masa motsa jikin da ya dace da shi. Wanda ya kasa, aiki ya fi ƙarfinsa ke nan. Muna wuni cikin warin ruɓaɓɓiyar albasa, shi tumbinmu ne ya tsone masa ido.

Mai gadinmu dattijon Bafulatani ne daga Araba, shanunsa suka ƙare ya kama gadi. Kowa ya san gwiwarsa ta hagu ta lalace. Wanda aka ɗora wa karanta tambayoyin kuma mijin 'yarsa ne, don shi ya fi mu iya kwamfuta.

Da aka zo kan mai gadi, na ce wa manaja, "Yallaɓai, a canza mai tambaya. Surukinai na."

Ya ce, "To sai mi? Kwamfuta ba ta san suruki ba."

Surukin ya sunkuyar da kai ya karanta: akwai ciwon gwiwa? Dattijo ya dubi bango ya ce, "Lahiya lau." Numfashi fa? "Lahiya lau." Bafulatani ya buɗe baki ya yi kukan ciwo a gaban mijin 'yarsa? Gara ƙafar ta guntule. Shi ma surukin ya san gaskiya, amma ba zai ƙaryata uban matarsa ba. Abin da aka faɗa ya shigar.

Manhaja ta sa dattijo a rukunin ƙarfafa: gudu a hanyar Kalmalo kowace safiya. Ya ɗaure rigarsa a ƙugu ya bi samari. Ba a daɗe ba gwiwar ta ci amanarsa. A amalanken albasa muka dawo da shi.

Manaja ya ce na'ura ba ta yi kuskure ba, mutum da bakinsa ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya sallame shi, ya ɗauki matashi. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

Na je Araba dubiya. Na tarar da shi a tabarma, gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya, surukin na tsugune a bakin ƙofa.

Na ce, "Baba, ya ƙahwa?"

Ya saci kallon ƙofar, ya ja zane ya rufe gwiwar.

"Lahiya lau," in ji shi.