Halimatu Bunu da Jarkar da Ta Hana a Zuba wa Humra

Halimatu Bunu malamar kimiyyar sinadarai ce a makarantar 'yan matan da na koyar a cikinta, nan Azare, kafin in yi ritaya. Mace ce gajeriya, marar ɗaga murya, wadda baƙo zai ɗauka duk abin da aka ce mata za ta amsa da to. Ɗalibanta sun san ba haka take ba. Idan yarinya ta ce a littafi ta ga amsa, sai ta tambaye ta wanda ya auna, da abin da ya auna da shi.

Iyayenta daga Borno suka taso, suka zauna a Azare tun ba a haife ta ba. Mahaifinta, Malam Bunu, ya daɗe da rasuwa, gidan ya koma hannun yayanta Sherif, mai shagon kayan ƙamshi a kasuwa. Mahaifiyarsu kuwa, Ya Kellu, kowa a unguwarmu ya san hannunta wajen haɗa humra. Al'adar gidansu ita ce, kowace amarya za ta tafi da humrar kakarta, mai yawan da kowace mace a dangin ango za ta samu kwalba guda. Humra kuma ba a haɗa ta yau a shafa gobe, sai an rufe ta an ajiye ta tsumu.

Da aka sa ranar auren Radiyya, 'yar Sherif ta fari, da wani malamin gona na garin Yana, Ya Kellu ta tara matan dangi don haɗin, ni ma aka gayyace ni a matsayin maƙwabciya. An daka farcen turare da sandal, an jera madarar turare a kan tabarma. Saura sifirit, wanda ake tsinka haɗin da shi don ya isa kwalabe masu yawa. Tsohuwar kwalbar Ya Kellu ta kusa ƙarewa, saboda haka Sherif ya shigo da sabuwar jarka da ya sayo wajen wani amininsa a Kano.

Halimatu ce ta buɗe ta. Ta ɗiga kaɗan a bayan hannunta, ta ɗiga na tsohuwar kwalba kusa da shi. Na jarkar ya riga ɗan'uwansa bushewa.

"Yaya, wannan fa ban yarda da shi ba," in ji ta.

"To, malama ta fara darasi," Sherif ya ce, mata suka yi dariya. "Ga takarda nan a jiki, ai kin iya karatu. Me aka rubuta?"

"An rubuta itanol, irin sifirit ɗin da ake so. Amma takarda da gam ake manna ta, Yaya. Ni ma zan iya manna wata a kan randar ruwa."

"Mutumin ya rantse mini."

"Na yarda ya rantse a kan abin da aka gaya masa. Shi ya auna?"

Fuskar Sherif ta canja. Ya ce da hancinsa yake cin abinci tun tana goye, kuma ya shinshina bai ji komai ba. Halimatu ta ce ita ma ba za ta kafa hujja da hanci ko da bayan hannu ba. Ta bayyana wa mahaifiyarta cewa akwai wani sinadari, mitanol, da ke kama da itanol a ido da hanci, amma yana ratsa fata, kuma shaƙarsa na iya taɓa gani. Humra kuwa amarya a wuya da gashi take shafa ta, ta wuni tana shaƙa. Ta roƙi a jira ta zuwa la'asar.

Ta je makaranta ta aro ma'aunin zafi da 'yan kwalaben gwaji. Ta ce kowane ruwa yana da matakin zafin da yake tafasa a kansa: itanol a wajen digiri saba'in da takwas, mitanol a wajen sittin da biyar. Ba ta yarda a kusantar da sifirit ga murhu ba. A can ƙarshen tsakar gida aka tafasa ruwa, aka riƙa kawo mata shi cikin kwano, ita kuma ta tsoma kwalbar gwaji a ciki.

Kafin komai ta gwada ma'aunin kansa a tururin tukunyar ruwan. Ya tsaya a casa'in da takwas da ɗoriya. Nan Sherif ya tafa hannu.

"Kun gani? Ko ni da ban wuce firamare ba na san ɗari ake cewa. Ma'auninki ne mai ƙarya, ba aminina ba."

Magana ce mai ma'ana, har wasu matan suka gyaɗa kai. Halimatu ma ta amince da haka. Ta ce ɗarin da ke cikin littafi a bakin teku aka auna shi, Azare kuma ta fi teku tudu, don haka komai a nan yakan ɗan riga tafasa. "Amma kada ka yarda da ni a kan wannan," in ji ta. "Mu ɗauka ma'aunin yana ragi. In ya rage wa wancan, zai rage wa wannan. Bari mu auna na Ya, wanda ta daɗe tana aiki da shi, sannan mu auna naka da ma'auni guda."

Na tsohuwar kwalba ya tafasa, layin ma'aunin ya hau ya tsaya a saba'in da bakwai. Ta miƙa wa Sherif ya karanta da kansa. Sai ta wanke kwalbar gwajin, ta zuba na jarka. Ya fara ɓulɓula tun layin bai kai ko'ina ba, ya tsaya a sittin da huɗu, ya ƙi motsi. Ta zubar, ta ɗebo daga ƙasan jarkar ta sake. Haka ya tsaya.

Radiyya ta tambaya a hankali, "Gwaggo, guba ce ke nan?"

"Ban ce ba. Akwai wasu sinadaran da ke tafasa kusa da nan, kuma da kwano da ma'auni ba zan iya rantsewa a kan sunansa ba. Abin da zan rantse a kai shi ne, ba itanol ba ne. Abin da ba mu san sunansa ba kuwa, ba zai hau jikinki ba."

Sherif ya miƙe. Ya ce da bakinta ta ce ba ta sani ba, amma tana so ta kunyata shi a gaban mutanen Yana. Kafin a samo wani sifirit daga inda aka amince, lokacin tsumuwa ya wuce. Ya ce shi ne uban yarinya, shi ne kuma babba a gidan, a zuba.

Halimatu ta rufe jarkar, ta jawo ta gabanta, ta zauna a kai.

"Kai ne babba, Yaya, kuma ban taɓa musa maka ba. Amma sai dai ka ɗaga ni."

"In kika fita da jarkar nan, kada ki ƙara tako mini gida."

"Gidan Malam Bunu ne. Zan shigo in gai da Ya, in ka ga dama ka juya mini baya."

Duk wannan Ya Kellu na zaune da taɓarya a hannu. Ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai ta ce, "Baban Radiyya, zauna. Ni ban san digiri ba. Amma na ga nawa ya tsaya a wuri ɗaya, naka ya tsaya a wani. Hannuna ne zai haɗa, sunana ne zai tafi Yana." Ta sa aka miƙo mata ragowar tsohuwar kwalba.

Abin da ragowar ta iya yi bai wuce kwalba ɗaya ba. Da ita Radiyya ta tare. Matan dangin ango sun yi magana, maganar ta zagayo Azare, aka ce gidan Bunu sun yi rowa. Sherif ya ji zafinta ƙwarai. Ranar biki bai amsa gaisuwar ƙanwarsa ba, aka kuma manta da ita wajen rabon anko. Ta zo da tsohuwar laffayarta, ta ratsa taron, ta karɓi kwalbar daga hannun Ya Kellu, ta shafa wa amarya da kanta.

Jarkar tana gidan Halimatu har yau, a kulle cikin ɗakin ajiya. Sherif ya aika a karɓo don ya mayar wa amininsa, ta ce in an mayar wani gidan za a sayar wa. Yanzu yana amsa sallamarta, amma bai ƙara kiranta malama ba, ko da wasa.

Kwanan baya mun haɗu da ita a gidan suna, wata mata ta nuna ta tana cewa ga wadda ta gano guba a humrar 'yar yayanta. Halimatu ta ajiye kofin kunu.

"Ban gano guba ba, Hajiya. Na ga sittin da huɗu a inda ya kamata in ga saba'in da bakwai. In za ki ba da labarin, haka za ki faɗa."