Maman Olive da Sandunan Dachung

Martha Dachung, wadda muke kira Maman Olive, ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata na wani asibiti a gundumar Prince George's. Aikinta ta tsaya kusa da likita ta miƙa masa abin da yake buƙata tun bai buɗe baki ba, har da zaren ɗinki, wanda take gane kaurinsa da yatsa ko tana sanye da safar hannu. A Bukuru aka haife ta, a Vom ta koyi jinya. Ta zo Amurka a 2009, ta sami mijinta Dachung a wani gidan haya mai ɗaki biyu a Hyattsville, kuma har yau a nan take.

Ni ne sakataren 'yar ƙungiyarmu ta masu fatsa a bakin teku. Mu bakwai ne har da Dachung, wasu 'yan Filato, wasu 'yan Kaduna. Tun 2013 nake rubuta kowace fita: rana, wuri, inda iska ta fito, lokacin da ruwa ya cika, wa ya jefa, me ya kama. Dachung ne ya haɗa mu. Ya koyi fatsa tun yana ƙarami a kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, da zaren buhu da ƙugiyar da ya lanƙwasa da kansa. Da ya ga tekun Atlantika sai abin ya zame masa kamar ciwo. Sandunan fatsa uku ya mallaka, biyu masu tsawon ƙafa goma sha biyu, ɗaya mai ƙafa goma.

Ciwon suga ya ɗauke shi a watan Fabrairu na 2022.

Bayan makoki sai rabon kayan mamaci, kamar yadda ake yi a gida. Tufafinsa aka ɗaure a akwati biyu aka aika Barikin Ladi. Kayan aikin namiji kuwa 'yan'uwansa maza ake ba. Ɗan'uwansa ɗaya ne a nan, ƙaninsa Raymond, mai aiki a wani kantin magani a Clinton, shi ma ɗan ƙungiyarmu. Raymond ya nemi sandunan. Ba kwaɗayi ba ne, yana da nasa. Ya ce mariƙinsu ya siɗe daidai inda yayansa yake sa hannu, yana so ya riƙa sa nasa a wurin. Martha ta ce a'a, tana amfani da su.

Magana ta kai gaban Baba Choji, dattijonmu, wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas. Ya ce in zo da littafi. Na duba: fita sittin da ɗaya, Martha ta bi mu sau talatin da takwas. A duk talatin da takwas ɗin, abin da na rubuta gaban sunanta shi ne "abinci". Gwate take kawo mana a kula, wani lokaci masa. Ban taɓa rubuta ta jefa ƙugiya ba.

Baba Choji ya rufe littafin ya miƙo mini.

"Kayan aiki na mai aiki da shi ne," ya ce. "Maman Olive, a fitar Oktoba ki zo da sandunan. Ki haɗa komai da hannunki, kada namiji ya taɓa. Ba kifi zan ƙirga ba, hannu zan duba. In na ga hannun mai fatsa, naki ne. In ban gani ba, ranar Raymond zai tafi da su."

"To, Baba," ta ce.

Asabar, ashirin da biyu ga Oktoba, muka tashi da asuba a mota uku, muka haye gadar Bay, muka isa bakin teku a Assateague ƙarfe tara saura. Iska daga yamma, 'yar kaɗan. Ruwan ya kwanta, garau, har ana ganin yashi a ƙarƙashin igiyar ruwa ta farko.

Ga wanda bai san fatsar teku ba, tsakanin dogon zaren da yake naɗe a jikin sanda da ƙugiya akwai wani guntun zare da ake ƙullawa, kamu uku ko huɗu, muna ce masa lida. Shi yake gogar yashi da ɓawon kawa, shi yake shiga bakin kifi. Ana yin sa da waya, ko da nailan mai kauri, ko da wani zare mai tauri da ake kira fuloro, wanda kusan ba a ganinsa a cikin ruwa. Mu dai waya muka sani. A watan Oktoba kifin da ake kira bulufish ne yake bin gaɓa, haƙoransa kamar reza, kuma Dachung ya koya mana cewa waya ce maganinsa.

Maza shida muka ƙulla waya, muka soka yankan kifi a ƙugiya, muka jefa. Martha ta zauna a kan kula, ta daɗe tana kallon ruwa. Ta buɗe akwatin mijinta, ta ture lidojin wayar da ke sama, ta ciro fuloro mai ɗaukar nauyin fam talatin. Ta jiƙa ƙullin da miyau kafin ta ja shi.

"Matarmu," in ji Raymond, "wannan ai zaren ɗinkin riga ne. Teku kika zo ko wurin tela?"

"Ka kula da sandarka, Ray. Darmar da ka ɗaura wa zarenka ma tana dawowa gaɓa."

Jifarta ta farko ba ta yi nisa ba, na rubuta haka. Ta biyu ta wuce inda igiya take karyewa.

Ƙarfe goma da minti goma sandarta ta sunkuya, sannan ta miƙe. Ta naɗo zare ba ƙugiya. Bayan rabin awa aka sake. Mu masu waya kuwa ko taɓawa ba a yi mana ba, amma ba wanda ya lura da wannan, don ita ce ta rasa ƙugiya biyu a gaban Baba Choji.

Ta ɗaga bakin zaren da ya tsinke ta kai shi kusa da ido, ta shafa shi da babban yatsa. Baba ya matso da kujerarsa.

"Me kika gani?"

"Haƙori ne, Baba. Ga shi an yanke shi tsaf, a karkace. Da ƙulli ne ya zame, bakin zai nannaɗe kamar wutsiyar alade. Da kawa ce ta goge shi, zai yi kaushi tun daga sama. Kifi yana nan, kuma ba ƙarami ba ne. Ni ce na raina shi."

Raymond ya zo da lidar waya ɗaya daga akwatin, ya miƙa mata. A wannan karon ba wasa a muryarsa.

"Ki sa wannan. Yayana bai taɓa jefa ƙugiya a Oktoba ba waya ba. Dubi ƙullinsa ma. Har yau ban iya irinsa ba."

Ta karɓa, ta juya ta a tafin hannu.

"Ƙullina ne," ta ce.

Sannan ta ci gaba.

"Shekara uku kafin ya tafi, ya daina ganin ramin ƙugiya. Suga ta taɓa masa ido. Ya ce kada in gaya muku, za ku fara riƙe masa hannu. A teburin cin abinci nake ƙulla masa, ran Juma'a in na dawo daga aiki, yana zaune yana gaya mini yadda ruwa zai kasance. Wayar nan ta ranar da teku ta gurɓace ce, kifi ba ya gani. Yau yana ganin komai. Ku shida kun jefa masa waya tun safe, wa ya ciza?"

Raymond ya tsaya riƙe da hannunsa a buɗe, kamar har yanzu wayar tana ciki. Ya koma wurin sandarsa, ya juya mana baya, ya daɗe yana gyara abin da bai lalace ba.

Martha ta ajiye wayar. Ta ciro fuloro mai fam sittin, ta auna kamu biyu kawai, ta canza zuwa ƙugiya mai zagaye, wadda bakinta ya lanƙwaso ciki. Ta gaya wa Baba dalili ba tare da ya tambaya ba: irin wannan ƙugiyar a gefen baki take kamawa, sai zaren ya tsaya a waje, nesa da haƙora. Sharaɗinta ɗaya, kada a fizga. Mu da muka taso a kan karfasa da tarwaɗa, da an taɓa sai mu fizga, har yanzu hannunmu bai daina ba.

Ƙarfe goma sha biyu saura kwata, ruwa yana gab da cika, kan sandar ya girgiza sau biyu.

"Fizga," in ji ni. Na faɗa, kuma ba daidai ba ne.

Ba ta ko dube ni ba. Ta bari sandar ta sunkuya sosai, sannan ta ɗauke ta tana naɗewa a hankali. Kifin ya ja ta zuwa kudu, ta bi shi a gefen ruwa, wandonta ya jiƙe har gwiwa. Minti goma sha ɗaya na ƙirga. Ta jira wata igiya ta ɗauko shi, ta ja da baya, ya kwanto a kan yashi yana datse baki. Bulufish, inci talatin da ɗaya, ƙugiya a kusurwar baki.

Muka kewaye shi muna ta surutu. Baba Choji bai tashi ba, ita yake kallo. Ta cire ƙugiyar da filaya, ta bi lidar da yatsu biyu daga sama har ƙasa, ta sake bi. A ido lafiyarta lau. Ta ɗauki almakashi ta yanke ta, ta cusa guntun a aljihu, ta fara auna sabuwa.

"Me ya same ta?" Baba ya tambaya.

"Akwai ƙarce wuri biyu kusa da ƙugiya. Ta yi aikinta. Na gaba zai tafi da ita."

Baba ya miƙa hannu, ta ba shi guntun. Ya shafa, ya sake shafawa, ya miƙo mini. Ni ban ji komai ba sai da ta nuna mini wurin da farce.

"Ni da ba zan yanke ba," Baba ya ce. "Zan ce mai sa'a ce, in sake jefa ta." Ya ɗaga murya kaɗan. "Raymond, zo nan. Gani ya kori ji. Kana da magana?"

Raymond ya zo. Idonsa ya yi ja, ya ce yashi ne.

"Ba ni da magana, Baba." Ya dubi Martha. "Shekara uku, ba ki faɗa ba."

"Ya ce kada in faɗa."

Ƙarfe uku muka naɗe. Ta ƙara kama ɗaya, Raymond ya kama ɗaya bayan ya cire wayarsa ya roƙi kamu biyu na fuloro, sauranmu hannu rabbana. A wurin ajiye motoci shi ya ɗauko sandunan ukun. Ya raba kowacce biyu daga mahaɗinta, ya kwantar da kujerar baya ta motarta, ya shimfiɗa tawul, ya jera su a kai.

"Matarmu, in kin isa ki ɗauraye su da ruwan famfo. Gishiri yana cin ƙarfe."

"Ray, shekara tara nake wanke su a bahon wanka."

Ya yi 'yar dariya, ya duba ko kan sandunan zai taɓa gilashi, ya gyara ɗaya, sannan ya rufe mata but.